Lilon cikin gari, Gidan Zoo na Kano ko lambun Abuja: ina za a kai yara wannan hutun?

Tun ana saura mako biyu a ba da hutu gidanmu ke komawa majalisa. Babban yarona, mai shekara 11, ya kafe shi Kano za a sake kai shi ya ga zaki ido da ido, domin wani ɗan ajinsu ya je ya dawo ya cika musu kunne da labari. Mai bi masa, 'yar shekara 8, tun da ta ga hotunan da Yaya ta turo ta WhatsApp, na 'ya'yanta kwance a kan ciyawa a Abuja, ba ta da zance sai na komawa can. Ɗan shekara 5 bai san Kano ba, bai san Abuja ba, shi dai lilo. Auta kuwa tana goye a bayana, ba ta ce uffan ba, amma ita ce mai yanke hukunci. Sai da na sha wuya kafin na gane haka.

Duka wuraren ukun mun je da yara, ba a shekara ɗaya ba, kuma kowanne na dawo da tawa da-na-sanin. Shi ya sa idan mata suka tare ni a gidan suna ko a Islamiyya da tambayar wanne ya fi, ba na saurin amsawa. Sai in ce, ƙaraminku shekararsa nawa? Awa nawa zai yi a mota bai fara kuka ba? Amsar nan ita ke zaɓa wa mutum wuri, ba hoton da ya gani a waya ba. Duk muna ce musu wurin shaƙatawa, amma ba abu ɗaya suke ci ba. Na cikin gari aljihu yake ci. Na Kano ƙafa da haƙuri. Na Abuja kuwa kwanaki yake so, da masauki.

Na gida, wanda ake rainawa

A cikin Katsina akwai wuraren wasan yara, irin su Maryam Park da wasu ƙanana da 'yan kasuwa suka buɗe nan da can, masu lilo da dokin juyi da gidan tsalle-tsalle na iska. Abin da suka fi kowa da shi kusanci ne. A yi La'asar a gida, a tari kurkura, minti ashirin ya yi yawa an isa, kafin a kira Magariba an dawo har an watsa wa yara ruwa. Ba kula, ba jakar kaya, ba tashin Asuba. Idan jikin Auta ya ɗau zafi, ko ɗan shekara biyar ya ɓata wando, ga gida nan kusa. Wadda ba ta taɓa canza wa yaro famfas a gefen titin Bichi ba, manyan motoci na wucewa suna buɗe ta da ƙura, ba za ta san darajar wannan ba.

Inda ake faɗawa rami wajen lissafi ne. Kuɗin ƙofa ba ya tayar da hankali, shi ke ruɗar mutum. Da an shiga, kowane wasa da tikitinsa, kowane tikiti kuma sai an ninka shi da yawan yaran, har da 'ya'yan maƙwabta biyu da suka biyo ku, kunya ta hana a ce su koma. Ga mai ƙanƙara, ga mai alawar auduga, ga mai hoto, ga mai balan-balan da ya san daidai inda zai tsaya yaro ya hango shi. Zuwanmu na farko da kuɗin cefanen kwana biyu na shiga, da na kurkura kawai na fito. Daga ranar na sake dabara. Tun a gida nake faɗa wa kowa wasa uku ne rabonsa, ya zaɓa da kansa, manyan kuma in danƙa musu kuɗinsu a hannu. Yaron da zai hau komai muddin kuɗin uwarsa ne, da ya ji takardar a tafinsa sai ki ga ya tsaya yana nazarin lilo kamar mai sayen ragon layya.

Kafin yaro ya hau komai, uwa ta zagaya ta duba da idonta. Sarƙar lilon ta yi tsatsa? Akwai bel ko ƙarfen da zai tare yaro a kujera? Wayar da ta taso daga janareta a ƙasa take kwance, inda yara ke gudu ba takalmi? Mai kula da injin yaran yake kallo ko wayarsa? Tambaya ba rashin kunya ba ce, ko da yake mu Katsinawa kunyar tana yi mana yawa a irin wannan wuri. Abin zamiya na ƙarfe kuma, in bazara ce, a ɗora tafin hannu a kai tukuna. Ƙarfen da ya wuni a ranar Afrilun Katsina yana iya toya cinyar yaro ko da biyar na yamma.

A kuma ba su abin sha bayan sun sauko, kada a ba su kafin su hau. Nawa ɗan shekara biyar ɗin ya shanye zoɓo kofi guda ya haye dokin juyi. Zagayen farko yana ɗaga mini hannu yana ƙyaƙyata dariya. Na biyu ya yi tsit. Na uku na ga ya rungume wuyan dokin ya runtse ido. Da aka tsayar, farar shaddarsa ta Sallah ta rine daga wuya har gwiwa. Yanzu da ita nake goge tebur.

Ga yaro ɗan uku zuwa bakwai, wurin nan duniya ce sabuwa, awa biyu kuma ta ishe shi ya yi barci tun kafin Isha'i. Daga tara zuwa sama labari ya canza. Babban ya tsaya a gefe ya harɗe hannu ya ce, "Umma, wannan fa na yara ne."

Irinsa kuwa Katsina na da abin ba shi wanda Abuja ba ta da shi, sai dai mu 'yan gari mun saba da wucewa ta gefensa har mun daina ganinsa. Yara nawa aka haifa a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa da ba su taɓa tsayawa a gindin Gobarau sun ɗaga kai ba? Hasumiya ce ta ƙasa mai tsayin kusan mita 15, ana danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Daga nan a wuce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda yanzu gidan tarihi ce. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Ranar da muka je, Abbansu ya zaro naira 200 daga aljihu ya nuna wa babban hoton da ke jiki, ya ce mai rawanin nan a cikin ginin nan ya zauna yana ɗalibi. Yaron ya dubi takardar, ya dubi bangon ƙasar, ya sake duban takardar. Sunan da yake haddacewa don jarrabawa ranar ya zama mutum. A ƙarasa da Ƙofar Soro da Filin Kangiwa, inda dawaki ke cika wuri ranar hawa. Wannan yawon na safe ne, bai kuma cin kuɗi sosai. Tarihi da hantsi, lilo da yamma, kun ga an raba wa manya da ƙanana yini ɗaya ba wanda ya yi ƙorafi.

Mai mota da ke son yara su ji sun yi tafiya ba tare da an jigata ba, ga Daura nan, wajen kilomita 80 ta hanyar Mashi. Rijiyar Kusugu tana nan cikin gininta, a ja musu guga su sha, a ba su labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, a bakin rijiyar da kanta. In an dace da Sallar Gani, cikin Rabi'ul Awwal, har hawa za su gani. Daurawa kuma su yi akasin haka, su kawo nasu Gobarau.

Kano

Gidan Zoo na Kano, mai sunan Audu Baƙo, an kafa shi ne a farkon shekarun 1970, zamanin da shi Audu Baƙon ke gwamnan jihar, daga 1967 zuwa 1975. Iyaye da yawa da ke shirin kai 'ya'yansu yau, su ma a can suka fara ganin giwa. Wannan kaɗai na jan mutum, kana so ka ga fuskar ɗanka a inda aka taɓa ganin taka.

Amma a fara da hanya, domin ita ce rabin tafiyar. Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne: Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, Dawanau. Babba shi kaɗai zai ce awa biyu da rabi. Da yara a ce uku, saboda wannan zai ce fitsari a Kankiya, wancan kuma da ya rantse ba ya ji sai an wuce Tsanyawa zai tuna. Sannan hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai zuwa daga Katsina ta arewa maso yamma yake shiga, gidan dabbobin kuma yana can ɗaya ɓangaren garin, sai an ratsa cunkoson Kurna da 'yan adaidaita sahu kafin a kama hanyarsa. Mutanen Daura da ke bi ta Kazaure tasu ta ɗan fi sauƙi. In babu motar gida, akwai motocin KTSTA na gwamnatin jiha da na tasha, sai dai a biya wa duk yaron da ya wuce shekara huɗu kujerarsa. Na taɓa yin tsimin kujera ɗaya, na ɗora yaro a cinya awa uku, da muka sauka ƙafata ba ta san tawa ba ce.

Dawowa ma da nata ƙa'idar. Yadda zamani ya zama, ba wanda ke so dare ya yi masa a hanya da iyali. Wato ƙarfe uku na rana a kama hanya. A lissafa: a bar gida shida na safe, a shiga gidan wajen goma, a fito biyu da rabi. Awa huɗu da ɗoriya na kallo, a kan awa shida ko bakwai na mota. Yaro ɗan takwas zai ɗauka, har ya ce a sake. Ɗan uku ba zai ɗauka ba, goyo kuwa uwar ce za ta biya. Mai 'yan uwa a Kano ya kwana, shi ya fi kowa morewa, domin zai shiga da sanyin safiya.

Safiyar nan ba ƙaramin abu ba ce. Zuwanmu na farko sai sha biyu da rabi muka shiga, cikin Afrilu. Zaki dabba ce mai yawan barci, mafi yawan yini a kwance yake, balle da tsakar rana. Babban, lokacin yana ɗan takwas, ya tsaya a gaban keji ya fi minti goma yana jiran ruri, abin da ya samu bayan zaki ne da jela tana korar ƙuda. Ya juyo ido ya ciko da ƙwalla ya ce, "Abba, ko ba shi da lafiya ne?" Lafiyarsa ƙalau, mu ne muka makara.

Wadda ta ceci tafiyar kura ce. Yaran Hausawa sun san kura tun kafin su san baƙi, daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da "in ba ka yi barci ba kura za ta zo". Sai ga ta a gabansu tana kai-komo, ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, baya a zube, ga wari. 'Yar tawa ta riƙe gefen hijabina ta leƙo ta ce, "Umma, ashe wannan ce? Ai ba ta kai jaki ba." Tun daga ranar barazanar kura ta daina aiki a gidanmu, wannan asara ce da ya kamata iyaye su sa a lissafi. Sun ga giwa tana naɗo abinci da hanci ta kai baki, sun ga kada kwance baki buɗe kamar gungume, sun ga jimina da ta fi Abbansu tsawo. Birrai kuwa sai da aka ja su da ƙarfi aka bar wurin. Kada dai a yi wa yaro alkawarin wata dabba takamaimai tun daga gida, domin dabba na tsufa, tana ciwo, ana kuma sauya mata wuri.

Hajiya, mahaifiyar Abbansu, da farko hanawa ta yi. Ta tuna labarin zakin da ya kuɓuce daga kejinsa a Oktoban 2019, wanda aka yi ta yi a rediyo. Ta ce, "Ba a kai mini jikoki inda zaki ke yawo." Abbansu ya ce, "Hajiya, Allah Ya ba ki haƙuri, ai tuni ya koma, awaki kawai ya ci." Ta ce to awakin ma ai masu rai ne. Da ƙyar ta bari, bayan ta tofa wa kowa addu'a a ka. Ni kuwa abin da nake tsoro ba zaki ba ne, hannun yaro ne. Yaro ya ga biri sai ya miƙa masa biskit ta tsakanin ƙarafa, biri kuma yana cizo yana yakushi, cizonsa sai an je asibiti. Wannan dokar tun a mota ake kafa ta, a kuma maimaita a ƙofa.

Ta fuskar kuɗi, nauyin a hanya yake, fetur ko kuɗin mota, ba a ƙofa ba. Kallon dabbobin bai buƙatar sabon tikiti a gaban kowane keji kamar yadda lilo ke yi. Wurin faɗi gare shi, da manyan itatuwa, tafiyar ƙasa ce mai yawa, don haka takalmin Sallah mai tsini ya zauna a gida. A tafi da kula cike da ruwa, fiye da yadda ake zaton za a sha, da tabarma, da buta da darduma, da abincin da ba ya saurin lalacewa: dambu, dafa-duka, dafaffen ƙwai, cincin. Fura da nono da ta wuni a but ɗin mota ta zama wani abu daban. Gurasa kuwa a saya a can, ba a zuwa Kano da gurasa.

Abuja

Millennium Park shi ne hoton da ya ɗauke hankalin 'yata. Yana Maitama, faɗinsa hekta 32, wato ya fi filin ƙwallo arba'in a haɗe. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003, zamanin Obasanjo, lokacin taron ƙasashen renon Ingila. Wani Ba'italiye mai suna Manfredi Nicoletti ya zana shi. Rafi ya raba shi biyu: gefe ɗaya an bar itatuwa da tsirrai kusan yadda Allah Ya yi su, ɗaya gefen kuma shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ce da doguwar hanya ta farin dutse da maɓuɓɓugan ruwa a jere.

Mun je ne a wani Agusta, da muka kai wa Yaya ziyara. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Yaron da ya tashi a garin da ciyawa ke bushewa tun Nuwamba, wanda filin wasansa yashi ne da ƙaya, ka sake shi a kan kore shar iya ganinsa, sai ya rasa ta inda zai fara. Suka cire takalma suka zuba a guje. 'Yar tawa ta kwanta ta yi ta birgima har ɗankwali ya faɗi. Ni da Yaya muka shimfiɗa tabarma a inuwa muka buɗe filas, kuma ranar ce kaɗai a duk yawace-yawacen nan da na zauna awa guda cur ba wanda ya ce in ba shi kuɗi. Ba mota kusa, ba keji, ba inji mai juyawa. Ga mai goyo da mai tatata, ban ga kamarsa ba.

Sai dai lambu ne, ba filin wasa ba. Bayan awa biyu babban ya dawo ya zube a tabarma ya ce, "To sai me kuma?" Da ba don ɗan Yaya ya zo da ƙwallo ba, da an tashi da wuri. Duk abin da yara za su yi a can, ku za ku kawo shi. Mai son dabbobi sai ya ƙara da gidan dabbobi da wasan yara da ke Asokoro, a gindin dutsen Aso, mai son ruwa kuma tafkin Jabi.

Amma a ce an tashi takanas ta Kano daga Katsina don lambu? Ni ban ga dalili ba. Ta mota yini guda ne cur, a tafi a dawo kwana biyu sun tafi a hanya kawai. Jirgi daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa wajen awa ɗaya ne, amma a ninka tikiti da mutum shida a ji. In da biki ko suna ko wata hidima da za ta kai ku, to a ware yamma ɗaya, kada a dawo ba a je ba. Wanda ya biyo ta Kaduna ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa, wanda ya fara aiki a 2016, zai iya tarar da cewa jirgin ya fi lambun burge yara. Nawa har yau jirgin suke labari. A Kadunar ma akwai lambun Gamji a bakin kogi, mai ɗauke da sunan namu, Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, da tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Mai kwana a Kaduna ya leƙa.

Ranar da za a je ta fi wurin muhimmanci

A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah a Maris take faɗowa, Babba kuma ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, wato duk a cikin zafi, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Katsina. Kuma duk shekara Sallah na matsowa da wajen kwana 11. Zafin nan shi ne lokacin ƙyanda da sanƙarau, cunkoso kuma abokinsu ne, don haka jaririn da bai kammala rigakafi ba ba shi da abin yi a cikin turmutsutsu. Gidan Zoo hutun Disamba ya fi dacewa da shi, a yi ta tafiya ba gumi, a dai sa wa yara rigar sanyi a shafe su da mai, mai asma kuma a riƙe maganinsa saboda hazo. Lambun Abuja na dogon hutu ne, ciyawa ta yi kyau, sai dai hadari na iya tasowa da yamma ya kore ku, kuma a tashi kafin sauro ya fito. Lilon gida kowane lokaci ne, muddin bayan La'asar ne.

Ranar Sallah da washegarinta kuwa, ko'ina ne, ni na daina. Dalilina ga shi. Wata washegarin Sallah muka je wani wurin wasa, ba masaka tsinke. Na haɗu da wata da muka yi sakandare tare, muka tsaya gaisuwa, ina 'yan gida, ina su wance. Ban fi minti biyu ba. Na waiwaya babu na ukun, lokacin yana ɗan huɗu. Duk yaron da na hanga shadda ruwan sararin samaniya ce a jikinsa, irin tasa, domin ita aka yi yayi a shekarar. Na kama kafaɗar 'ya'yan mutane sun fi biyar. Ina kiran sunansa amma ko ni ba na jin muryata saboda kiɗa da janareta. Minti goma aka yi, ni dai na san abin da na ji a ƙirjina. Can muka same shi a gaban mai balan-balan, wata baiwar Allah ta riƙe masa hannu. Ta ce ta tambaye shi sunan mamansa ya ce Umma, sunan babansa ya ce Abba, unguwarsu ya ce gidanmu. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

Tun daga nan, kafin mu fita nake ɗaukar kowa hoto a waya da kayan da ke jikinsa. Ƙananan in rubuta lambar waya a takarda in sa a aljihu in maƙale da fil. Na koya musu cikakken sunan mahaifinsu da sunan unguwa kamar karatun allo. Da mun shiga wuri nake nuna abu ɗaya mai tsawo, bishiya ko ƙofa, in ce wanda ya ɓace nan zai tsaya, kada ya nemi kowa, in kuma zai yi magana ya yi da mai gadi ko mace mai yara. Kowane babba da ƙaramin da aka ɗora masa. Kuma manya biyu ake so ko da yaran uku ne, domin da ɗaya ya ce bayan gida, sauran fa? A manyan wurare irin na Kano da Abuja wannan ya fi zama dole, saboda faɗinsu. A jira kwana huɗu ko biyar bayan Sallah, ko a zaɓi Talata ko Laraba cikin hutu, wurin ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne, amma kamar an ba ku shi haya.

To, ga yadda nake ba mata amsa. In ƙaraminku bai kai shida ba, ku zauna a gida, lilo da yamma, ba abin kunya ba ne, ba zai ma tuna Kano ba in an kai shi. In duk sun wuce bakwai, Kano, cikin sanyi, da sassafe, in da hali a kwana. In kuma gida ya haɗa manya da ƙanana irin nawa, ba dole ba ne a tafi a ayari ɗaya. Wannan ne ya fi yi mini wuyar karɓa, domin ina ganin kamar in ba a fita duka ba ba a yi adalci ba, alhali ɗaukar goyo zuwa Kano ba Auta aka yi wa ba, an dai hana manyan sakewa ne.

Jiya da daddare, bayan yara sun kwanta, na ce, "Abban yara, ka ɗauki manyan biyu ranar Talata ku tafi Kano, ku kwana gidan Kawu, ku shiga da safe. Ni da ƙananan muna nan, zan kai su lilo." Ya ce, "Abujar fa? Kin san za ta yi kuka." Na ce bikin 'yar Yaya na nan tafe bayan Babbar Sallah, lokacin na yaye Auta. Da safe da aka faɗa mata ta turo baki, ta ce ita an cuce ta. Can kuma na ji ta a tsakar gida tana tambayar yayanta ko kurar nan tana nan har yanzu.